Babarbaren da Ya Ƙwace Mini Inna

Mutumin farko da ya yi mini murmushi a ƙasar Masar shi ne mutumin farko da ya cuce ni. Ina fitowa daga filin jirgin Alkahira, sanyi yana ratsa 'yar shaddata har ƙashi, sai ga shi riƙe da kwali an rubuta sunana a karkace. Ya rungume ni, ya karɓe jakata, yana ta "Najeriya, Najeriya, ahalan!" Dillali ne da wani abokin aiki ya haɗa ni da shi ta waya, wai shi zai kama mini ɗaki kusa da cibiyar da zan yi kwas. Tun ina gida na tura masa kuɗin haya, shi kuma ya turo mini hoton ɗaki mai labule da firji da gado a gyare. Ni kuwa bagidaje, har nuna wa mutane hoton na riƙa yi a bakin asibiti.

Ɗakin da ya kai ni a kan rufin wani dogon bene yake, tsakanin tankunan ruwa da kejin tantabaru. Babu labule, babu firji, gadon kuwa ƙarfe ne da katifar da ta ga duniya. Na ciro waya na nuna masa hoton. Ya duba da kyau, ya gyaɗa kai, ya dafa ƙirji ya ce gobe in sha Allahu. Sannan ya ce bari ya sauka ya kawo mini shayi, baƙo ba ya zama haka. Har na bar Masar shayin nan bai iso ba, lambarsa ma ta daina shiga.

Sunana Ya'u. Jami'in lafiya ne ni a ƙaramin asibitinmu na Zandam, cikin ƙasar Gwaram, kodayake mutanen gari likita suke ce mini, ni kuma ban taɓa hana su ba. A aikinmu lasisi ba ya sabuntuwa sai ka nuna shaidar ka ƙaro ilimi, saboda haka kullum muna cikin 'yan bitoci. Wannan karon wata ƙungiyar agaji ce ta ba da gurbin kwas na wata uku a Masar, a kan cututtukan da muke fama da su kullum, hawan jini da ciwon suga da asma, da kuma yadda za a sa maras lafiya ya dage da shan magani ba fashi. Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa hukuma. Dalilin da ya hana ni barci har na nemi gurbin kuwa Inna ce, mahaifiyata.

Ni ne ɗanta na fari. Mu Fulani ne da muka daɗe da zama gari, Fillanci ya tafi, shanu sun ragu, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. A hannun kakata na tashi. Idan zancena ya kama sai ta ce wa ƙannena "yayanku," idan na shiga gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. To macen da ba ta haɗa ido da kai, ta yaya za ta miƙo maka damtse ka ɗaura mata na'urar awon jini? Hawan jini ya daɗe da kama ta. Bara da wani hantsi bakinta ya karkace, hannun hagu ya yi nauyi, Allah ya taimaka ya sake ta bayan kwanaki. Na san abin da wannan yake nufi, domin na sha gani: na farko gargaɗi ne, na biyu ba ya sakin mutum. Amma idan na ba ƙanwata Hajara ƙwaya ta kai mata, sai ta ce, "To, ajiye can." Daga baya a tsinto ƙwayoyin cikin ƙwaryar kanwa. Ni da tsofaffin gari suke layi a gabana, tsohuwar gidanmu ta gagare ni.

Sai kuma Modu. Tare muka yi makarantar koyon aikin lafiya. Babarbare ne, iyayensa suka zauna a Birnin Kudu, yana aiki a asibitin Wurno. Tun muna makaranta ni nake zuwa na ɗaya, shi ake so. Mutum ne mai farin jinin tsiya, ko kasuwa ya shiga sai an yi masa gyara. Tare muka nemi gurbin nan, kuma ranar da sunana ya fito daɗi biyu na ji: na samu, Modu bai samu ba. Da aka ce shi za a turo ya riƙe mini asibiti kafin in dawo, har dariya na yi. Na ce ya zo ya yi gadin kujerata ina can ina karatu.

Makon farko a kan rufin nan na gane kurena. Sanyin Alkahira mai laima ne, yana bin mutum har cikin bargo, ni kuwa ko bargon ba ni da shi. Abinci wake ne da gurasa da safe, da rana kuma wani haɗin shinkafa da taliya, shi ma da wake a ciki. Larabcina na Islamiyya ne, ina buɗe baki a shago sai a kwashe da dariya, wai ina magana kamar mai huɗuba. Yara suna bi na a lungu suna kiran "cakulan, cakulan." Wanda ya cece ni maigadin benen ne, wani dattijo baƙi kamar ni, Ammu Sayyid, mutumin kudancin ƙasar. Ya hau ya same ni na ƙudundune cikin sallaya ina karkarwa. Ya sauka ya dawo da bargo mai kauri da wani tsohon risho. Na ɗauko kuɗi, ya ture hannuna, ya nuna fatar hannunsa ya nuna tawa. Tun daga ranar duk safiya sai ya ajiye mini kofin shayi a kan matakala.

A aji kuwa na samu abin da na zo nema, ko in ce na zaci na samu. Mu kusan duka ma'aikatan ƙananan asibitoci ne daga ƙasashen Afirka. Malamarmu Dakta Huda, wata 'yar gajeruwar mace mai faɗa, ita take koyar da darasin dagewa a kan magani.

"Kada ka tambayi mutum ko yana shan maganinsa," in ji ta. "Zai ce maka e, don kada ka ji kunya. Ce masa kowa yana mantawa, shi sau nawa ya manta a makon nan? Sai ka ji gaskiya."

Ta koya mana a rage wa tsoho yawan ƙwayoyi idan da hali, a ɗaura shan magani a jikin abin da mutum ba ya fashinsa, kamar sallar asuba. Ta koya mana yadda za a fahimtar da mai hawan jini cewa ciwonsa ba ya ciwo, jin sauƙi ba warkewa ba ne, da yadda ake sauya wa mai suga lokutan magani idan azumi ya zo. Ina rubutu hannuna har zafi yake. Kowace dabara ta faɗa, fuskar Inna nake gani. Na ce a raina, wallahi in na koma sai tsohuwar nan ta sha magani a hannuna.

Ina cikin wannan ɗoki, ranar wata Juma'a bayan masallaci, saƙon murya ya shigo daga Hajara. Tun kafin ta fara magana take dariya.

"Yaya, ka ji abin mamaki! Likitan nan da aka kawo ya zo gaishe da Inna. Tun daga zaure ya ɗaga murya, wai ina baiwar tasa Bafulatana da aka ce tana tsoron 'yar ƙwaya? Wallahi na zaci korar sa za ta yi. Sai na ji ta ce, wane Babarbaren ne yake mini ihu a ƙofar gida bai durƙusa ba? Ya shigo ya zauna a tabarmarta. Ya ce don Allah ta ci gaba da ƙin shan magani, ai dukiyar baiwa ta ubangidanta ce, tana mutuwa zai kora 'yan shanun nan zuwa Birnin Kudu. Ta ce uban wa? Hajara miƙo mini maganin! A gabansa ta haɗiye, Yaya. Har hannu ta ba shi ya auna."

Na saurara na sake saurara. Abin da ya kamata in ce shi ne alhamdulillahi, kuma na faɗa. Amma baki ne kawai ya faɗa. Shekara da shekaru ina lallaɓa, ina aike, ina roƙon ƙannenta su sa baki, sai wani ƙato ya zo da wasan Fulani da Barebari ya gama a zama ɗaya? A tabarmarta fa! Ni tunda nake ban taɓa zama a tabarmar Inna ba, daga bakin ƙofa nake tsugunawa. Na lallashi kaina da cewa marmari ne, kwana biyu za ta watsar.

Ba ta watsar ba. Saƙonnin Hajara suka zama mini azaba, kuma ban iya daina buɗe su ba. Yau Inna ta aika wa Modu fankon fallen ƙwayar da ta shanye, da saƙon a gaya wa bawan nan ba ta mutu ba tukuna. Gobe Modu ya ɗanɗana miyarta ya ce Fulani ba su iya girki ba sai zabga gishiri, ita kuma don ta ƙaryata shi ta rage gishirin, ta daina jefa dunƙulen magi. Ni na yi maganar gishirin nan har bakina ya gaji! Jibi ta dama masa fura da hannunta, da nonon saniyarta, ta hana kowa taɓawa. Shi kansa Modu ya riƙa turo mini nasa saƙon cikin fara'a: "Malam Ya'u, mutanen Masar! Jinin baiwata yana sauka, ka kwantar da hankalinka ka yi karatu." Sai in amsa da "madalla, na gode," in jefar da wayar a kan katifa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A wata na biyu aka kwashe mu zuwa wani ƙauye a yankin Fayyum, mu ga yadda ma'aikatansu suke bin marasa lafiya gida-gida. Gonaki kore shar, jakuna, tsofaffi a gindin bango, sai na ji kamar in leƙa kwana in ga Zandam. A nan na shaƙu da Malama Asiya, ma'aikaciyar jinya daga Sudan. Ina ta fama da wani tsoho mai suga da Larabcina na huɗuba, sai na ji daga bayana an ce, "Bawan Allah, bar shi haka, ka wahal da shi ka wahal da kanka." Na juya a firgice. Ashe kakanninta Hausawa ne da suka tafi Makka a ƙasa suka yada zango a Sudan. Hausarta tsohuwa ce, irin ta kakata. Washegari ta zo mini da kwano a ɗaure cikin ɗankwali: tuwonsu na dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Na zauna a bayan asibitin na ci, hawaye yana zuba mini a miya, ban damu da wanda ya gani ba.

Ita ce ta fara lura da ni. Ta ce, "Kai kullum ka saurari wayar nan sai fuskarka ta ɓaci. Rasuwa aka yi?"

Na ce, "A'a, mahaifiyata ce take samun sauƙi."

"To Allah ya ƙara sauƙi," in ji ta, "kai ma Allah ya ba ka lafiya."

Da muka koma Alkahira aka ce kowa ya kawo labarin maras lafiyar da ya fi gagarar sa, a tattauna a aji. Wani daga Ghana ya kawo direban da yake sayar da maganinsa, wata daga Chadi ta kawo matar da take raba ƙwayoyinta da maƙwabta don kara. Da aka zo kaina na miƙe na ce wata tsohuwa ce a garinmu, mai hawan jini, ta taɓa samun 'yar shanyewar ɓarin jiki, ba ta karɓar magani. Na jero duk abin da na gwada.

Dakta Huda ta ce, "Har yanzu ba ta sha?"

Na ce, "Yanzu tana sha."

"Me ya canza?"

"Ma'aikaci aka canza."

"Jinin ya sauka?"

"An ce ya sauka."

Ta cire tabarau. "To me kake so mu gyara?"

Aji ya ɗauki dariya. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na ji bakina yana cewa, "So nake ta sha a hannuna." Dariyar ta tsaya. Malama Asiya ta sunkuyar da kai. Dakta Huda ba ta tambaye ni ko wace ce tsohuwar ba, ina jin ta gane. Ta ce shi ya sa ake hana ma'aikaci duba danginsa. Na ce mata a garinmu idan na daina duba dangina sai dai in rufe asibitin. Ta ce ta ji, amma jijiyoyin kan tsohuwar nan ba ruwansu da wanda ya miƙa ƙwayar, ko dai ta shiga ko ba ta shiga ba. Ta kira na gaba. Ranar ko shayin Ammu Sayyid ban iya sha ba, haushinta nake ji, haushin Modu nake ji, har tantabarun rufin nan haushinsu nake ji.

Ana saura 'yan makonni mu gama, mura mai zazzaɓi ta kayar da ni. Ammu Sayyid yana hawa da sauka da ruwan zafi da lemon tsami. Da rana tsaka, jiki ya yi zafi, kewar gida ta taso mini gaba ɗaya, na kira Hajara na ce ta kai wa Inna wayar, ko gaisuwa ce in ji muryarta. Na ji takunta, na ji ta ce, "Inna, Yaya ne, ba shi da lafiya." Na yi sallama, na gaishe ta. Shiru, sai numfashinta. Can na ji ta ce, ba da ni ba, da Hajara, "Ki ce Allah ya sawwaƙe. Ya rufe ƙirjinsa."

Wannan ma ya ishe ni, wallahi ya ishe ni, har na fara murmushi. Sai na ji ƙarar babur ya tsaya a waje, da wata murya: "Ina Bafulatanar? An mutu ko da saura?" Hajara ba ta kashe wayar ba. Muryar Inna ta tashi tangaran kamar ta yarinya: "Kai dai ka mutu, mai tsagar banza! Shigo ka ga abin da ka ce ba zan iya ba!" Ta yi dariya. Ina da shekara arba'in da 'yan kai a duniya, ban san haka dariyar mahaifiyata take ba. A wayar aro na ji ta, daga kan rufin wani bene a ƙasar mutane, kuma wani take yi wa. Na kashe wayar na ja bargon Ammu Sayyid na rufe kaina.

Na gama kwas da sakamako mai kyau, Dakta Huda ma ta yaba. Malama Asiya ta ba ni turaren wuta na Sudan ta ce in kai wa Inna. Ammu Sayyid ya sauko mini da jaka har bakin titi, ya tsayar da mota, ya yi ciniki da kansa don kada a sake cutata.

Na iso Zandam da la'asar. Abin da na fara gani da na shiga gida shi ne Inna a tsaye tana sheƙa gero, hannun hagun nan yana aiki kamar ba shi ne ya taɓa yin nauyi ba. Ta yi kyau, kumburin ƙafarta ya saɓe. Tana gani na ta ajiye faifai ta shige ɗaki. Na tsuguna a bakin ƙofa na gaishe ta, ta amsa wa bango, ta ce wa Hajara a kawo wa yayansu ruwa, ya rame.

Washegari a asibiti Modu ya miƙa mini aiki. Komai tsaf, don in faɗi gaskiya, na duba ko zan samu abin kushewa ban samu ba. Ya ce ofis sun ce ƙarshen wata zai koma Wurno. Na ji wani sanyi a raina. Na ce to, Allah ya kai mu.

Ban jira ƙarshen wata ba. Da sassafe na ɗauki na'urar awo na nufi ɗakin Inna da duk ilimin Masar a kaina. Na yi sallama, na matsa ciki fiye da inda na saba tsayawa. Na sassauta murya yadda aka koya mana, na ce, "Inna, kowa yana mantawa da magani wani lokaci. A makon nan sau nawa…" Ban ƙarasa ba ta jawo mayafi ta rufe hannuwanta har yatsu, ta juya mini baya.

"Hajara! Ki ce wa yayanku lafiyata ƙalau. Mai aunawa zai zo."

Na fito na zauna a zaure da na'urar a cinyata. Ba a jima ba mai aunawa ya zo a kan babur ɗinsa, ya gaishe ni da ladabi, ya wuce ciki yana kirari. Ina jin su. Na ji ƙarar iskar na'urarsa, na ji yana cewa jinin ya yi kyau, kaico, shanu sun kuɓuce masa yau ma.

Da ya tafi na kira Hajara na tambaye ta ko Inna ta san ƙarshen wata Modu zai koma. Ta ce ta sani. "Cewa ta yi, in bawanta ya tafi ita ma ta huta da haɗiyar ƙwaya, dama don shi take sha."

Kwana biyu ina juya maganar nan. Na lissafa duk wanda zai iya maye gurbinsa, ban samu ba. Wurno ba nan kusa ba ce da mutum zai riƙa zuwa kullum, asibitin Zandam kuma ma'aikaci ɗaya yake ɗauka a matakinmu. Kujera ɗaya ce, ko ni ko shi. Idan ni ne a kai, ƙwayoyi za su koma ƙwaryar kanwa, kuma na san ranar da za a zo a kira ni da gudu. Na so in ce ai dole ta saba, ai ni ta haifa ba Modu ba. Amma na ga ƙarshen masu irin ciwonta da yawa, na ɗauki wasu da hannuna.

Ranar Litinin na je ofis na nemi a yi mana musaya, Modu ya zauna a Zandam, ni in tafi Wurno. Shugabanmu ya dube ni sama da ƙasa. "Malam Ya'u, lafiya? Mutane suna bin ƙafa a mayar da su garinsu, kai ka dawo daga ƙasar waje kana neman a fitar da kai daga naka?" Na ce ilimin da na samo mutanen Wurno ma suna buƙata. Ya ce in Modu ya yarda shi ba shi da matsala.

Na samu Modu a gindin darbejiyar asibiti na faɗa masa. Karon farko da na ga mutumin nan bai yi dariya ba. Ya ce, "Ya'u, ni fa wasa nake yi da ita. Ba ni na haife ta ba, ba ita ta haife ni ba."

Na ce, "Shi ya sa take sha. Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Ya ce ya yarda. Na so ƙwarai ya yi gardama, ko na samu abin riƙewa a kansa. Ko wannan bai ba ni ba.

Ranar da zan tashi, an ɗaure kayana a bayan mota, matata da yara sun shiga, na je na tsuguna a bakin ƙofar Inna na yi mata sallama. Ta ce wa bango Allah ya kiyaye hanya. Na miƙe, na kai tsakar gida, sai ga Modu ya fito daga ɗakinta da na'ura a hannu.

"Zauna," in ji shi. "An ce in auna ka."

"Wa ya ce?"

"Wa yake ba ni umarni a gidan nan? Ta ce ubanka ma haka ya riƙa dafe ƙeya kafin ya faɗi, kuma tunda ka dawo take ganin kana yi."

Ban san tana kallo na ba. Na zauna a kan turmi, na naɗe hannun riga, na miƙa wa Modu damtsena. Yana matsa iska sai na ga labulen ɗakin ya motsa. Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, idonta a kan na'urar.

"Ya hau?" ta tambaye shi.

"Ya hau. Sai an sake aunawa wasu ranakun kafin a tabbatar, amma ya hau."

"In an tabbatar ka ba shi irin nawa." Muryarta ba ta wasa ba ce. "Ka gaya masa, in ya tsallake ko kwana ɗaya, ban yafe ba."

Ta saki labule. An sake awon a Wurno, bai sauka ba, kuma tun daga lokacin kowace asuba ina haɗiyar ƙwayata kafin in tashi daga kan sallaya. Inna tana nan da ranta, tana sheƙa geronta. Amma maganar nan, mafi girman abin da ta taɓa faɗa a kaina, fuskar Modu ta kalla ta faɗe ta, ni ta gefen kafaɗarsa na tsinta. Wannan ni ma har yau ban yafe masa ba.